Hasashen Rabin Wa'adin Ruɓewar Alfa a Cibiyoyin Atam Masu Nauyi: Ingancin Ƙa'ida da Rashin Tabbas na Makamashi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake hasashen tsawon lokacin da cibiyoyin atam masu nauyi ke ɗauka kafin su ruɓe ta hanyar fitar da ƙwayar alfa. An ɗauki ƙa'idojin lissafi biyu da aka fi amfani da su a fagen, wato ta Viola da Seaborg da kuma ta Royer, aka gwada su a kan cibiyoyin da aka riga aka auna, daga bismut-209 zuwa oganeson-294, sannan aka duba yadda sakamakon ke sauyawa idan aka ɗan taɓa adadin makamashin ruɓewa. Binciken ya nuna cewa saɓanin da ke tsakanin ƙa'idojin ƙarami ne idan aka kwatanta shi da saɓanin da rashin sanin makamashin ke haifarwa, kuma dukkansu biyu suna tuntuɓe a daidai inda ɓawon niyutron ya cika, wanda nan ne aka fi bukatar su.

1. Gabatarwa

Cibiyar atam dunƙule ce ta ƙwayoyi iri biyu, wato firoton mai ɗauke da cajin lantarki da niyutron marar caji, kuma masana sun saba nuna yawan firoton da harafin Z, yawan niyutron da N, jimillarsu kuma da A. Idan cibiya ta yi nauyi sosai, musamman daga dalma mai firoton 82 zuwa sama, turereniyar da ke tsakanin firoton da 'yan'uwansa takan kai matakin da cibiyar za ta fi samun natsuwa idan ta rabu da wani yanki nata, kuma yankin da ta fi saurin rabuwa da shi shi ne ƙwayar alfa, wadda ta ƙunshi firoton biyu da niyutron biyu. Ernest Rutherford da Thomas Royds ne suka tabbatar a Manchester, cikin aikin da aka buga a 1909, cewa wannan ƙwaya ba kome ba ce illa cibiyar hiliyam. Cibiyar da ta fitar da ita ake kira uwa, wadda ta saura kuma ake kira 'ya, makamashin da ya kuɓuta a wannan rabuwa kuwa ana nuna shi da harafin Q, ana kuma auna shi da MeV, wato miliyan ɗaya na ma'aunin elektron-bolt.

Rabin wa'adi shi ne lokacin da rabin cibiyoyin da ke cikin wani samfur za su ɗauka kafin su ruɓe, kuma abin da ya daɗe yana jan hankali game da shi shi ne girman ratar da ke tsakanin wata cibiya da wata. Toriyam-232 yana sakin makamashin da ya kai MeV 4.08, rabin wa'adinsa kuma shekara biliyan 14 ne, alhali poloniyam-212, wanda ke sakin MeV 8.95, ba ya wuce kashi uku cikin miliyan goma na sakan ɗaya. Makamashin bai haura ninki biyu da ɗoriya ba, amma ratar lokacin ta kai ninki 10²⁴. Yuraniyam-238, wanda shi ne fiye da kashi 99 cikin 100 na yuraniyam da ake haƙowa a wurare irin su Arlit a Nijar, ya wanzu har yau ne saboda rabin wa'adinsa, shekara biliyan 4.47, ya yi kusan daidai da shekarun duniyar kanta.

Bukatar hasashe ta ƙaru tun da aka shiga ƙera sinadarai mafiya nauyi a ɗakunan gwaji na Dubna a Rasha, da Darmstadt a Jamus, da Berkeley a Amurka, da kuma cibiyar RIKEN ta Japan, domin a can ɗaiɗaikun atam ake samu bayan makonni ko watanni ana harba ƙwayoyi, kuma ana gane sabon sinadari ne ta jerin ƙwayoyin alfa da yake fitarwa ɗaya bayan ɗaya. Cibiyar da rabin wa'adinta ya gaza kusan kashi ɗaya cikin miliyan na sakan takan ruɓe tun tana hanya, kafin ta isa na'urar da za ta shaida ta, saboda haka mai shirya gwaji yana bukatar ƙiyasi kafin ya kashe watannin.

2. Tushen Nazariyya

A 1911 Hans Geiger da John Nuttall suka lura cewa akwai dangantaka madaidaiciya tsakanin logaridim na saurin ruɓewa da logaridim na nisan da ƙwayar alfa ke tafiya a cikin iska, amma ba su iya bayyana dalilinta ba, kuma kimiyyar wancan zamani ma ba ta da hanyar yin haka. Matsalar a fili take. Idan aka harbi yuraniyam da ƙwayoyin alfa masu MeV 8.8 da poloniyam-212 ke fitarwa, turereniyar lantarki takan komo da su tun daga nesa, amma kuma shi wannan yuraniyam ɗin yana fitar da nasa ƙwayoyin da MeV 4.2 kacal, ta cikin shingen da ƙwayar da ta ninka su makamashi ta kasa haurawa. George Gamow a Göttingen, da kuma Ronald Gurney da Edward Condon a Princeton, suka warware wannan a 1928, ba tare da wani ɓangare ya san aikin ɗayan ba, inda suka nuna cewa a kimiyyar kwantam ƙwaya tana iya ratsa shingen da ba ta da makamashin haurawa, ko da yake yiwuwar hakan ƙarama ce ƙwarai.

Bisa wannan fahimta, saurin ruɓewa, wanda ake nunawa da λ, sakamakon ninka abubuwa uku ne: λ = S × ν × P. Harafin S shi ne yiwuwar cewa firoton biyu da niyutron biyu sun riga sun dunƙule sun zama alfa a cikin uwa, ν shi ne yawan bugun shingen da ƙwayar ke yi a sakan ɗaya, P kuma yiwuwar ratsawa a kowane bugu. Rabin wa'adi yana fitowa daga T = 0.693/λ.

Ya dace a bi lissafin yuraniyam-238 daki-daki, domin a nan ake ganin inda ƙarfin nazariyyar yake da inda rauninta yake. 'Yar da ke saura ita ce toriyam-234 mai firoton 90, kuma idan aka ɗauki tazarar da ke tsakanin tsakiyar alfa da tsakiyar 'yar a lokacin da suke gogar juna a matsayin femtomita 9.3, inda femtomita ɗaya yake daidai da mita 10⁻¹⁵, to tsayin shingen Coulomb, wato shingen turereniyar lantarki, zai kai kusan MeV 28. Ƙwayar tana da MeV 4.27 ne kawai, don haka ba za ta fito fili ba sai a nisan femtomita 61, ma'ana sai ta ratsa kauri fiye da femtomita 50. Hanyar ƙiyasi ta Wentzel da Kramers da Brillouin, wadda aka samar a 1926, tana ba da P na kusan 10⁻³⁸, kuma da yake ƙwayar tana bugun shingen kusan sau 10²¹ a sakan, rabin wa'adin yana fitowa wajen sakan 10¹⁷, wanda ya dace da sakan 1.4 × 10¹⁷ da aka auna.

Wannan dacewa tana da ban sha'awa, amma bai kamata a ruɗu da ita ba. An ɗauki S a matsayin ɗaya, wanda ba gaskiya ba ne, kuma an zaɓi tazarar femtomita 9.3 daga ƙiyasin girman cibiya. Idan aka ƙara wa tazarar rabin femtomita kawai, P zai ninka kusan sau takwas, don haka duk wanda ya ƙara tazarar ya rage S zai sake samun amsa ɗaya. Abubuwan biyu a sarƙe suke, kuma ma'aunin rabin wa'adi shi kaɗai ba ya raba su.

3. Ƙa'idojin da Aka Gwada da Hanyar Bincike

Saboda wahalar lissafa S daga tushe, masana suka koma ga ƙa'idojin da ke riƙe da siffar lissafin Gamow, amma ake daidaita ma'aunansu da bayanan gwaji. Ta farko ita ce wadda Victor Viola da Glenn Seaborg suka gabatar a 1966:

log T = (aZ + b)/√Q + cZ + d + h

An yi amfani da ma'aunan da Sobiczewski da Patyk da Ćwiok suka sabunta a 1989, wato a = 1.66175, b = −8.5166, c = −0.20228, d = −33.9069, inda T ke cikin sakan, Z kuma na uwa ne. Harafin h gyara ne na cikas: sifili ne idan Z da N duka lambobin cika ne, wato masu rabuwa biyu daidai, sannan 0.772 ne idan Z mara ce, 1.066 idan N mara ce, 1.114 idan duka biyun mara ne. Ta biyu ita ce ta Guy Royer ta shekarar 2000, wadda ta shigar da A cikin lissafi, kuma ga cibiyoyin da Z da N nasu duka cika ne tana cewa:

log T = −25.31 − 1.1629 A^(1/6) √Z + 1.5864 Z/√Q

Akwai wasu, kamar ƙa'idar ruɓewa ta bai-ɗaya da Qi da Xu da Liotta da Wyss suka fitar a 2009, amma gininsu ɗaya ne da waɗannan, don haka ba a ga bukatar ƙara su ba.

An zaɓi cibiyoyi tara da ruɓewar alfa ce kusan dukkan hanyar ruɓewarsu, aka kwatanta logaridim na lissafi da na gwaji. An kula da bambanta Q da makamashin da na'ura ke karantawa a jikin ƙwayar alfa, domin 'yar ma tana ja da baya da wani kaso: babban layin yuraniyam-238 MeV 4.198 ne, Q ɗinsa kuwa 4.270. Wannan ɗan bambanci na 0.07 ya isa ya karkatar da amsa kusan ninki huɗu.

4. Sakamako

| Cibiya | Q (MeV) | log T na gwaji | log T na Viola da Seaborg | Bambanci |
|---|---|---|---|---|
| Toriyam-232 | 4.082 | 17.65 | 17.70 | +0.05 |
| Yuraniyam-238 | 4.270 | 17.15 | 17.35 | +0.20 |
| Radiyam-226 | 4.871 | 10.70 | 10.69 | −0.01 |
| Radon-222 | 5.590 | 5.52 | 5.54 | +0.02 |
| Poloniyam-218 | 6.115 | 2.27 | 2.11 | −0.16 |
| Poloniyam-214 | 7.833 | −3.78 | −4.07 | −0.29 |
| Poloniyam-212 | 8.954 | −6.53 | −7.10 | −0.57 |
| Poloniyam-210 | 5.407 | 7.08 | 5.47 | −1.61 |
| Bismut-209 | 3.137 | 26.80 | 23.14 | −3.66 |

A cibiyoyi shida na farko matsakaicin kuskure bai wuce 0.16 a ma'aunin logaridim ba, wato ƙasa da ninki ɗaya da rabi, a zangon lokacin da ya faro daga biliyoyin shekaru ya sauko zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Sai dai a kan irin waɗannan cibiyoyi aka daidaita ma'aunan tun farko, don haka dacewar shaida ce cewa siffar ƙa'idar daidai take, ba shaida ce ta ƙarfin hasashenta ba.

Abin lura yana cikin jerin poloniyam, inda kuskuren ke ƙaruwa yayin da yawan niyutron ke sauka daga 134 zuwa 130 zuwa 128, har ya yi tsalle a 126. Ƙa'idar ta ba poloniyam-210 kwana uku da ɗoriya, alhali abin da aka auna kwana 138 ne, wato ta gaza da ninki 40, ita ma ta Royer ta ba da 6.01 a maimakon 7.08, gazawar ninki 12 ke nan. Dalilin yana cikin tsarin ɓawo. Firoton da niyutron suna zaune ne a rukuni-rukuni da ake kira ɓawo, kuma idan ɓawo ya cika, kamar a firoton 82 ko niyutron 126, cibiyar takan yi tauri, ta riƙe ƙwayoyinta gam. Poloniyam-212 yana da firoton biyu da niyutron biyu a wajen cikakkiyar cibiyar dalma-208, kayan haɗa alfa a shirye suke, amma poloniyam-210 sai ya ɓalle niyutron biyu daga cikakken ɓawo, don haka S ɗinsa ya faɗi. Babu ɗaya daga ƙa'idojin biyu da ta san da wannan, tun da ba su ga kome sai Z da A da Q.

Bismut-209 ya haɗa cikas biyu. An daɗe ana ɗaukarsa sinadari mafi nauyi da ba ya ruɓewa, har sai da masu bincike a Orsay ta Faransa suka ga ruɓewarsa a 2003, da rabin wa'adin kusan shekara 2 × 10¹⁹. Niyutron ɗinsa 126 ne, sannan yanayin juyin uwa ya sha bamban da na 'yarta, taliyam-205, ta yadda dole ƙwayar alfa ta fita ɗauke da awo biyar na ƙarfin juyi, abin da ke ƙara wa shingen tsayi da kauri. Gyaran h na 0.772 matsakaici ne da aka ɗauko daga cibiyoyi da yawa, kuma a nan ya bar giɓin fiye da ninki 4,000. A cibiyoyin mara, sau da yawa ma ruɓewar ba ta sauka a matakin ƙasa na 'ya: fiye da rabin ruɓewar yuraniyam-235 tana zuwa ne wani mataki na toriyam-231 da ke kusan MeV 0.2 a sama.

Oganeson-294, sinadari na 118 wanda ɗakunan gwajin Dubna da Livermore suka sanar a 2006 bayan harbin kaliforniyam-249 da kalsiyam-48, shi ne gwajin da ya fi kama da hasashe na gaske, domin ma'aunan duka ƙa'idojin sun girme shi. Da Q na MeV 11.82, ta Viola da Seaborg ta ba da milisakan 0.6, ta Royer ta ba da 0.4, abin da aka auna daga 'yan atam ƙalilan kuwa wajen 0.7 ne. Amma a nan ma na'ura ce ta ba da Q.

5. Tattaunawa: Matsalar Q

Ga cibiyar da ba a taɓa ƙerawa ba, babu Q na gwaji, sai dai a ciro shi daga samfuran lissafin nauyin cibiya, ta hanyar ɗebe nauyin 'ya da na alfa daga na uwa. Yadda amsa ke bin Q ana samunsa kai tsaye daga ƙa'idar: kowane MeV ɗaya yana sauya log T da 8.2 a yuraniyam-238, da 2.3 a oganeson-294. Samfurin Möller da Nix da abokan aikinsu na 1995 yana kuskuren kusan MeV 0.67 a nauyin cibiyoyin da aka sani, samfurin WS4 na Wang da abokan aikinsa na 2014 kuma kusan 0.30. Gaskiya ne cewa wani ɓangare na kuskuren yana soke kansa tun da Q bambanci ne na nauyi biyu, amma waɗannan alƙaluma na yankin da aka auna ne, kuma ba su ba da tabbacin kome a wajensa.

Domin a ga girman matsalar, an ɗauki filerobiyam-298, mai firoton 114 da niyutron 184, wanda tun shekarun 1960 ake hasashen shi ne tsakiyar yankin da ake kira tsibirin natsuwa. Adadin Q da ke biye na misali ne a kan takarda, ba ma'auni ba ne. Idan Q ya zama MeV 9.0, ta Viola da Seaborg tana ba da minti 36, ta Royer kuma minti 13, saɓanin kusan ninki uku ke nan. Idan aka tsaya kan ƙa'ida ta farko aka sauya Q, to 9.5 yana ba da sakan 54, 8.5 yana ba da awa 34, 8.0 kuma kwana 115. Dukkan saɓanin da ke tsakanin ƙa'idojin biyu bai fi abin da kuskuren MeV 0.14 a Q zai haifar ba, kuma babu samfurin nauyi da zai iya alkawarin irin wannan daidaito a can.

Daga nan ake ganin cewa yawan ayyukan da ke sake daidaita ma'aunan ƙa'ida don rage matsakaicin kuskure da ɗan kaɗan, sannan su jera hasashen sinadarai na 119 da 120, sun bar jaki suna dukan taiki. Samfuran ma ba su yi ittifaƙi a kan inda ɓawon firoton na gaba zai cika ba: masu ɗaukar cibiya kamar ɗigon ruwa suna haɗawa da gyaran ɓawo sun fi nuna 114, wasu lissafai na matsakaicin fili suna nuna 120, wasu kuma 126, kuma a daidai bakin cikakken ɓawo ne Q ke yin tsalle, kamar yadda ya tashi daga 5.41 zuwa 8.95 tsakanin poloniyam-210 da poloniyam-212. Ga kuma darasin niyutron 126, wanda ke nuna cewa idan 184 cikakken ɓawo ne da gaske, ƙa'idojin za su gajarta rabin wa'adin cibiyoyin da ke kansa, wataƙila da ninki goma ko fiye. A ɗaya gefen kuma, rabin wa'adin alfa ba shi ne tsawon rayuwar cibiya ba, domin tsagewa biyu da kanta ko ruɓewar beta na iya riga shi, kuma lissafin tsagewar ya fi na alfa rashin tabbas nesa ba kusa ba.

Saboda haka ya kamata duk jadawalin hasashe ya bayyana samfurin nauyin da aka ciro Q daga gare shi, ya maimaita lissafin da aƙalla samfura biyu masu tushe daban, ya kuma ba da amsa a matsayin zango maimakon lamba ɗaya mai ɗigo uku. Ƙoƙarin nazariyya kuwa zai fi amfani idan aka karkata shi ga lissafin S a kusa da cikakken ɓawo, da kuma auna nauyin cibiyoyi mafiya nauyi kai tsaye, ta yadda jerin ruɓewarsu zai sami madogara. Har yanzu gwaji bai taɓa yankin da ake muhawara a kansa ba: cibiyoyin da suka fi yawan niyutron cikin waɗanda aka tabbatar, wato libamoriyam-293 da tenesin-294, suna da 177 ne, saura bakwai a kai 184.